Kakana da Ayabarsa Guda Ɗaya

Kuka bai daɗe ba a gidanmu ranar da aka kai Kaka makwancinsa. Tsoho ne, ya ga jikoki ya ga tattaɓa-kunne, kuma duk Filinge an san irin jinyar da ya sha. Kafin la'asar mata sun share hawaye, an ja tabarmi zuwa inuwar dogon yaro, an shiga tuna halinsa. Wanda ya san Kaka kuwa ya san ba a tuna shi fuska a murtuke. Ina tsaye ina zuba wa baƙi ruwa aka soma dariya.

Mai ayabar bakin tasha ce ta buɗe fage. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah shi jiƙan tsoho. Kullum da hantsi in na biyo da tire, sai in ji muryarshi ta taga, 'Ke, miƙo guda ɗaya, kada matata ta ji labari.'"

Aka kwashe da dariya, aka juyo ana kallona, domin ni ce matar. Ni jikarsa ce, 'yar babban ɗansa. Tun ina goye yake kirana matata, ni kuma ina ce masa tsohon mijina, kamar yadda kowace jika take yi da kakanta.

Gwaggo, ƙanwar babana, ta dafe ƙirji. "Ke ma? Ni hwa na ɗauka ni kaɗai ta! Kwambitar nika soya mishi, in ɓoye cikin mayahi awa ɓarauniya." Dankalin turawa take nufi.

Maƙwabciyarmu ta ce ita ma. Matar liman ta ce ita ma. Daga zaure aka kawo labari cewa wajen maza ma zancen ke nan, aminin Kaka, wani tsohon Bazabarme daga Damana, yana nuna yadda yake ɓoye masa ayaba a aljihun riga ran kasuwa. Kowa yana faɗi da alfahari kamar wanda ya haƙa wa gari rijiya. Kuma kowa magana ɗaya tsohon ya gaya masa, wai majo, mai duba shi a likita, ya ce guda ɗaya ba ta komai, amma kada matarsa ta ji.

Ban san sa'ad da moɗa ta cika ruwan ya zubo mini a ƙafa ba. Shekaru ina tsaron bakin tsohon nan, ina kwana da tunanin abin da zai ci gobe, ashe gari guda ne ya haɗa kai a bayan idona. Na ajiye buta na shige ɗaki, suka ɗauka kewa ce ta taso mini.

Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, domin mutum ne da bai kamata a manta da shi ba. Amma ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ko da ta yabo ce.

Kaka manomin gero ne kamar sauran Kurfayawa, sai dai shi bai yarda da zaman rani ba. Da an kai damman gero rumbu sai ya ɗaure kayansa ya nufi Bonkuku, inda ruwa yake kusa, ka haƙa kaɗan ka tarar da shi. Can ya ari garka wajen wani abokinsa ya koyi noman dankalin turawa, wanda mu nan muke ce wa kwambitar. A lokacin mutanen unguwarmu suna ganin abincin ma'aikatan gwamnati ne, har ana yi masa ba'a wai ya bar hatsin ubansa ya bi ƙwan ƙasa. Bai taɓa mayar da magana ba. Sai ya gasa guda a toka, ya ɓare, ya barbaɗa yajin ƙuli, ya miƙa wa mai ba'ar. Yawancinsu da baki cike suka janye maganarsu.

In ya dawo da buhunansa yakan juye su a zaure ya kasa uku. Manya na kasuwa, matsakaita na gida, ƙanana kuma na waɗanda ba su da mai kawo musu. Ba ya aike da su. Da kansa yake ɗauka a ƙwarya ya je ƙofar tsohuwa ko bazawara mai 'ya'ya, ya yi sallama ya ce, "Ajiya na kawo. Riƙe min, in ban dawo ba jibi ki dahwa, kada ta lalace." Bai taɓa komawa karɓar ajiyarsa ba, kuma ba wadda ta taɓa jin an ba ta sadaka.

Shi ya kai ni lakwal, wato makarantar boko, ba babana ba. Ya riƙe ni a hannu har gaban mushe, malamin aji, ya ce, "Ga matata nan. Ka koya mata Hwaransanci, ta riƙa zagina ban ji ba." Yau ni ma koyarwa nake yi a lakwal ɗin, kuma duk abin da na zama, daga wannan tafiyar ya soma.

Ciwon ya shigo a hankali. Ƙishirwa ba ta barinsa, buta ba ta barin hannunsa, riga ta soma yi masa yawa. Ranar da Gwaggo ta ga tururuwa sun taru inda ya yi fitsari, aka ce a kai shi likita. Ni na raka shi. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya soki yatsarsa, ya duba 'yar na'urarsa, ya ce ciwon sukari ne.

Kaka ya ce, "Ni da ban shan sukari sai ga shayi? To na bar shayin. Amma kwambitar hwa? Ita ba ta da zaƙi."

Majo mutum ne mai haƙuri. Ya ce abu da yawa da ba shi da zaƙi a baki yana komawa sukari a cikin jini, dankali ne, tuwo ne, fura ce. Ya ce ba a haramta masa dankali ba, amma kaɗan, kamar girman ƙwai biyu, dafaffe ba soyayye ba, a haɗa da wake ko ganye ko kifi, kuma ranar da ya ci shi a rage tuwo. Kaka ya tambayi ayaba, domin tun da manyan motoci suka fara kawo ta daga Yamai ya ɗora mata rai. Majo ya ce ƙarama guda ɗaya a yini, wadda ba ta nuna luguf ba, ba ta komai. Ya ƙara da cewa su biyun nan ciki suke cikawa, su kaɗai ba sa riƙe jikin mutum, balle tsoho. Daga duk wannan dogon bayani Kaka abu ɗaya ya tsinta ya sa a aljihu, guda ɗaya ba ta komai.

Da muka dawo aka zauna a kan wa zai tsare masa abinci. Babana ɗan fari ne, ko ido ba ya iya haɗawa da Kaka, balle ya ce masa ajiye wannan. Gwaggo kuwa da ya ɗaga murya sai hawaye. Sai duk suka juyo kaina suka ce ni kaɗai na iya da shi. Gaskiya ne. A wajenmu jika ce kawai take iya fizge loma daga hannun tsoho, a yi dariya, a wuce. Gidan mijina na gaskiya yana unguwa ɗaya da namu, don haka na karɓa. Da safe kafin in tafi aji in kai masa koko marar sukari da ƙwayar maganinsa. Da rana dambun zogale da wake. Ran Juma'a dankalinsa biyu dafaffe. Ayabarsa guda kuma ni da kaina nake zaɓo ta in ba shi, ban taɓa hana shi ita ba.

Da farko wasa ne, kuma ni ma na ji daɗinsa. Ya ɓoye ƙwayar sukari a naɗin hula, na gano. Ya ɓoye dabino a cikin takalmi, na gano. Wata Juma'a bayan an sallame ya tare liman a gaban jama'a ya ce, "Malam, ka raba auren ga. Matata ta hana ni ci, ta hana ni sha, ganye taka ba ni awa raƙumi." In na karanta masa abin da majo ya ce, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ke tahi can. Ciki bai jin Hwaransanci." Gari ya ɗauki maganar, har yau ana faɗinta a kasuwa.

Sai ƙaya ta soke shi a gona bai ji ba. Kafin a lura yatsun ƙafar sun yi baƙi. Muka tafi Yamai, aka yanke biyu. A hanyar dawowa mota ta tsaya a Baleyara, masu talla suka rufe tagogi, na ga hannunsa ya fita yana neman nonon ayaba guda. Na buge hannun. Mutanen motar suka yi dariya, wai ga jika da kaka. Ni ban yi ba.

Da muka isa gida na yi abin da ban taɓa yi ba. Na durƙusa a gabansa kamar yadda surukai suke yi, ban kira shi mijina ba. Na ce, "Kaka, yau ba matarka ba ta ka magana, jikarka ta. Wanga ba wasa ba na. In ba ka bari ba, ƙahwar za su ɗauke."

Ya fusata irin fushin da ban san yana da shi ba. "Ni na kawo kwambitar unguwar ga tun ubanki bai yi wayo ba. Yau ke za ki auna min ita awa magani? Abin da na shuka da hannuna shi za ni tsoro?" Ya juya ya fuskanci bango. Kwanaki ina kawo abinci yana karɓa ba magana. Sai wata safiya ya kira ni da sunana na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakinsa tun ina ƙarama. Ya ɗora hannunsa a kaina ya ce, "Na ɗaukar miki alkawali. Abin da kinka ba ni, shi kaɗai za ni ci." Muryarsa ba ta wasa ba ce. Na yarda da shi kamar yadda na yarda da sunana.

Daga nan zaman ɗaki ya kama shi. Ɗakinsa yana jikin zaure, da 'yar taga mai kallon hanya. Ni da safe ina aji har azahar, lokacin kuma 'yan dubiya suke zuwa. A wajenmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kuma abin da aka saba riƙowa yanzu ayaba ce. Na san haka, shi ya sa na bi su gida gida na roƙe su. Kowa ya ce, "To, Madam, mun ji." Wasu har da sa mini albarka.

Sai kwanona ya soma dawowa kamar yadda na kai shi. In na tambaya ya ce, "Ba ni jin yunwa, matata. Tsuhwa ta." Na canza girki. Na nemo ƙwan zabi, na sa a kawo mini busasshen kifi, na dama nono ba sukari, na yi miyar kuka yadda yake so. Ya taɓa ya ture. Jikinsa yana zubewa, hannunsa ya koma kamar kara, amma duk ranar da muka je likita na'urar majo sama take nunawa. Wata rana majo ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Madam, tsakaninki da Allah, me kike ba shi?" Na rantse masa da Allah. Kaka yana zaune kusa da ni yana jan carbi, idonsa a rufin ɗaki. Akuyar da ke ɗaure a ƙarƙashin tagarsa ce kaɗai ta yi ƙiba a shekarar nan, ni kuma ban kawo komai a raina ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar da ta zaga gari, wai 'yar lakwal tana kashe tsoho da yunwa. A bakin rijiya an faɗa, a gidan suna an faɗa. Gwaggo ma ta faɗa mini ido da ido. Ta ɗaga hannun Kaka ta nuna mini ta ce, "Dubi abin da kinka mai da ubana. Mutum na ko akuya, kullum ganye?" Na koma gida na yi kuka, na ce ko dai ni ce ban iya ba. Ashe a ranar ma ƙamshin man soyarta yana jikin mayafinta. Tsohon yana cika ciki da ayaba da soyayyen dankali tun hantsi, ɓawon ya jefa wa akuya ta taga, abincin da zai riƙe shi kuma yana komawa gidana a sanyaye.

Ƙafar ta tafi daga ƙasan gwiwa, kamar yadda na faɗa masa. Ido ya biyo baya. Ranar da zai cika na je da safe na gyara masa shimfiɗa, ya lalubo wuyan hannuna ya riƙe ya ce, "Matata, kin yi ƙoƙari." Na ɗauka godiya ce kawai. Ina aji aka zo kirana.

Washegarin jana'iza na sami babana shi kaɗai a bayan rumbu. Na ce, "Baba, kai ma?"

Ya ce, "Ubana na. In ya ce miƙo min, ƙaƙa za ni yi? Kuma guda ɗaya ta, wadda majo ya yarda." Ya ƙara da cewa, "Mu dut mun ɗauka wasanku na, ke da shi."

Nan na gane yadda abin ya tafi. Ba mugu ko ɗaya a cikinsu. Kowa yana ganin guda ɗayar nan da aka halatta ita ya bayar. Kowa yana ganin taimaka wa kaka ya zambaci jikarsa abin dariya ne, har da lada. Wasan da ya ba ni ikon fizge loma daga hannunsa, shi ne ya ba kowa ikon mayar masa da ita. Alkawarin da tsoho ya yi wa jika, wa zai ɗauke shi alkawari?

Aminin nasa na Damana ya tare ni kafin ya hau mota, da Hausarsa mai karkata. Ya ce, "Ɗiyata, kada ki riƙe shi. Mutumin da ya saba kai wa mutane abu, ranar da ba shi iya tashi, abin da ya rage mishi shi sa su dariya, su dawo gobe." Na ji maganarsa, wataƙila ma gaskiya ce. Amma su kowa tasa guda ɗaya ya sani. Mutum ɗaya ne a duniya ya san nawa suke zama in an tara, shi ne kuma ya ɗora hannunsa a kaina. Ya ji ana cewa ina kashe shi da yunwa, ya ga majo yana tuhumata, bai buɗe baki ba. Wannan cin amana ne, kuma ban san wani suna daban da zan ba shi ba.

Ran sadakar bakwai aka zo wasan jikoki. In tsoho ya cika da shekaru, jikokinsa sukan sa kayansa su kwaikwayi tafiyarsa da maganarsa, a yi dariya, a ba su tukuici. Mata suka ce ba wadda ta san shi kamata, suka ɗauko babbar rigarsa da hula da sanda suka sa mini. Ban ƙi ba. Na yi gyaran muryarsa, aka fashe da dariya. Na yi tafiyarsa ta dawowa daga Bonkuku, ƙwarya a kai, ina neman wadda za ta riƙe mini ajiya, wata tsohuwa tana dariya tana share ido.

Sannan na zauna a ƙasa. Na naɗe ƙafa ɗaya a ƙarƙashin rigar, na rufe ido, na soma jan jiki a cikin rairayi ina lalube da hannu, yadda yake neman buta a watanninsa na ƙarshe. Su ba su taɓa ganin wannan ba, domin kafin 'yan dubiya su zo ni nake wanke shi in jingina shi in rufa masa bargo. Na ja jiki har gaban Gwaggo, na laluba gwiwarta. Gidan ya yi tsit, har kukan akuyar nan ana ji daga waje. Gwaggo ta rufe fuska da mayafi. Mai ayaba ta tashi ta fita ba takalmi. Matar liman ce ta zo ta kama kafaɗata ta ce, "Ya isa, ɗiyata. Ki yahe muna, ki yahe mishi."

Na ɗauka zan ji sanyi, ban ji ba. Rigar tana ƙamshinsa, toka da hayaƙi da man da nake shafa masa a baya. Na dunƙule a cikinta na yi kukan da ban yi ba tun ranar da ya cika.

Su na yafe musu, domin mun ci gaba da haɗuwa a bakin rijiya, kuma Gwaggo ta zo har gida ta zauna da ni. Shi kuwa, da safiyar jana'iza sa'ad da aka ce kowa ya yafe wa mamaci, na faɗa tare da jama'a, tun ban san abin da nake yafewa ba. Liman ya ce wannan yafiyar ta zauna, ni ma ba zan janye ta ba. Allah ya jiƙan Kaka, ya haskaka makwancinsa, ya sa ƙananan dankalin nan da ya kai ƙofofin mutane su tsaya masa ranar da ba mai tsaya wa wani.

Sai dai zuciyata ba ta kai inda bakina ya kai ba. Tun ina yarinya, duk wanda ya ɓata mini rai a duniya, mushe ne, babana ne, mijina ne, wurinka nake kai ƙara, Kaka. Yau ban san inda zan kai taka ba.